Bayan Fage: Kowa ya san Shata, to wa ya san 'yan amshin Shata?

 Kafin mu yi nisa ga wata 'yar kacici-kacici, kuma ban yarda kowa ya taɓa waya ba. Wane mawaƙi ne aka haifa a Musawa, ya zauna Bakori da Funtuwa, aka binne shi a Daura? Na san har ƙanenka ɗan firamare ya ɗaga hannu. To madalla. Saura ta biyu: faɗa mini sunan mutum uku kacal daga cikin waɗanda suka riƙe masa kalangu ko suka yi masa amshi a tsawon shekara fiye da hamsin da ya yi yana waƙa.

Shiru ke nan ko? Kada ka ji kunya, ni ma da nake cika baki da sunan ɗan jarida an yi mini tambayar nan na yi ta sosa ƙeya. Wanda ya yi mini ita kuwa ba farfesa ba ne, wani dattijo ne a wani ƙauye na ƙasar Rogo. Shi ne dalilin da ya sa na ajiye labarin da na yi niyyar kawo muku a wannan watan, na ce bari mu yi maganar da ta fi shi nauyi.

Ga yadda aka yi. Na bi wasu abokan aiki lokeshin a Ƙaraye, inda suka je ɗaukar waƙar wani fim a bakin dam ɗin Challawa. Duk wanda ya taɓa zuwa wurin ya san dalilin da ya sa daraktoci ke son sa: ruwa iya ganinka, ga masunta, ga kwalekwale, ba sai ka kashe kuɗin kwalliya ba. Kwana biyu muka yi ana "a sake, a sake", jarumi da jaruma suna ta motsa baki a kan muryar da ba tasu ba. Da aka tashi, sai mai ɗaukar hoton namu ya ce ba inda za mu sai mun raka shi bikin ƙanensa a ƙauyensu, can gefen Rogo ta wajen iyakar Jihar Katsina. Ka san ɗan jarida da son shinkafar biki, ban yi gardama ba.

Da yamma aka kunna janareta, mai DJ ya kafa lasifikoki, samari da 'yan mata suka cika fili, ƙura ta tashi. Ni kuwa na ja gefe don kunnena ya huta, na iske wani tsoho zaune a kan buzu a gindin darbejiya, yana kallon filin yana kaɗa yatsu a kan gwiwarsa. Na durƙusa na gaishe shi. Ashe an riga an ba shi labarina.

Ya ce, "Ɗan nan, an ce kai ne mai rubuta labarin mawaƙa a takarda?"

Na ce, "Ni ne, Baba, amma na fi rubuta na 'yan fim."

Ya ce, "To wannan kiɗan da ke tashi, wa ya kaɗa shi?"

Nan take na faɗa masa sunan mawaƙin, har da sunan fim ɗin da waƙar ta fito, ina jin kaina gwani. Sai ya yi dariya ya ce, "A'a, wannan mai waƙa ka faɗa mini. Ni mai kiɗan nake tambaya." Wallahi sai na yi tsuru-tsuru. Waƙar nan na ji ta ya fi sau ɗari, na haddace ta, amma ban taɓa tambayar wanda ya zauna gaban fiyano ya haɗa ta ba. Daga nan ne ya ɗora mini da tambayar Shata da na yi muku a sama, ya ƙarasa kashe ni.

Shekara arba'in a bayan wani

Ashe Baba tsohon makaɗi ne. Tun yana ɗan saurayi ya shiga ƙungiyar wani makaɗin noma na yankinsu. Da ɗaukar kaya ya fara, sannan aka sa shi amshi, daga baya aka ba shi kazagi, sai da ya yi shekaru kafin a yarda ya rataya babbar ganga. A lissafinsa ya haura shekara arba'in a cikin ƙungiyar. Da damina suna gona wajen gayya, suna zuga manoma da take da kirari har mutum ya manta da ciwon baya. Da kaka suna wajen kalankuwa da bukukuwan aure. Sun taka da ƙafa, sun hau keke, sun hau bayan akori-kura zuwa Gwarzo da Kiru, sun tsallaka Danja da Bakori, sun leƙa ƙasar Maƙarfi.

Na kunna rikodar wayata na ce ya ba ni labari. Abin da na ji a cikin awa guda ya ishi littafi. Ya faɗa mini yadda ake rabon kuɗi bayan an tashi daga wasa, da wanda ke ɗaukar kaso babba, da wanda sai dai a miƙa masa na goro. Ya faɗa mini yadda ƙungiyar ta taɓa darewa gida biyu a kan keke guda da wani sarkin noma ya ba su kyauta, aka rasa na maigida ne shi kaɗai ko na kowa ne. Ya ce waƙarsu da ta fi kowacce tashe, wadda har gobe tsofaffin mata ke rerawa wajen daka, ba maigidan ne ya ƙago amshinta ba, wani ɗan amshi ne mai ƙaramar murya ya yi mafarinta suna hanyar dawowa daga wasa. Maigidan ya ji, ya ɗora mata baitoci, ta zama tasa.

Da maigidan ya rasu ɗansa ya gaje shi, wasu suka bi, wasu suka ce ba za su yi wa yaron da aka haifa a gabansu amshi ba. Wasu suka ajiye kiɗa saboda wa'azi. Sannan zamani ya ƙarasa sauran: tarakta da maganin feshi suka rage gayya, mai DJ ya karɓe biki. Baba ya lissafa mini sunan mutum 14 da ya yi zamani da su a ƙungiyar, da garin kowa da abin da yake kaɗawa, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya ce 11 sun riga mu gidan gaskiya. Hoto babu. Kaset guda ɗaya da wani ma'aikacin gona ya taɓa ɗauka da rediyonsa, ita ma zarenta ya tsinke tun tuni.

To ka ji. In Allah ya ɗauki ran bawan Allahn nan, sunaye 14 za su bi shi kabari.

Abin da littattafai suka yi mana

Na dawo Kano da tambaya a raina: su waɗannan ƙanana ne, ba wanda ya san su bayan Rogo da kewaye. To manyan fa? Yaya tarihin da aka rubuta na manyan mawaƙanmu ya yi da jama'ar da ke bayansu?

Yabon gwani ya zama dole, don haka bari mu fara da abin da aka yi. Tun a 1975 Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka a kan Mamman Shata, lokacin Shatan yana tsakiyar ganiyarsa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya tattara tarihin makaɗa da dama a littafinsa Makaɗa da Mawaƙan Hausa, wanda duk ɗalibin Hausa ya san shi. A 2006 aka fitar da Shata Ikon Allah!, wanda Ibrahim Sheme, wato wanda ya kafa mujallar Fim a 1999, ya rubuta tare da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami. Ƙaton littafi ne, kuma da Hausa, wanda ni da kai za mu iya karantawa ba sai da ƙamus ba. Daga baya Dakta Ƙanƙara ya ƙara da Mahadi Mai Dogon Zamani. Waɗannan bayin Allah sun yi wa Hausa aikin da ba za a iya biyansu ba.

Albarkacin irin wannan aiki ne ɗan zamani kamar ni, wanda bai taɓa ganin Shata ido da ido ba, zai iya faɗa maka cewa an fi danganta haihuwarsa da 1923, mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, ya yi tallar goro da alewa kafin ya shahara, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999. Mun san iyayen gidansa irin su Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Mun san har kumbon Apollo 11 da ya sauka a wata a 1969 ya yi wa waƙa.

Amma Shata sa'a ya ci, ya sami masu rubuta shi. Ɗauki sauran. Na bi kundayen ɗalibai da maƙalu da shirye-shiryen rediyo da abin da ake yaɗawa a Facebook game da mawaƙanmu, sai na ga kusan duk tsari ɗaya suke bi: haihuwarsa, ƙuruciyarsa, yadda ya fara waƙa, wa ya yi wa waƙa, matansa da 'ya'yansa, rasuwarsa. In an yi ƙoƙari an tuna da yaransa, sai a jero sunayensu a layi biyu kamar rajistar 'yan aji, a wuce. Wane ne ya shigo a wace shekara? Wa ya fita, me ya fitar da shi? Da aka canza mai riƙe da babban kalangu, kiɗan ya canza ko bai canza ba? Nan ne labari ke ƙarewa.

Alhali kuwa duk mai sauraren Shata da kunnen basira ya san aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Mutumin nan nan take yake ƙirƙirar waƙa. Ya ga mutum, ya tambayi sunansa, ya yanko amshi, shi ke nan an tafi. Yanzu ka yi tunanin wanda ke tsaye a bayansa da kalangu a hammata. Ba a yi gwaji ba, ba a ba shi takarda ba. Dole cikin ƙiftawar ido ya kama amshin, ya matse tsirkiya ya sassauta har kalangun ya faɗi abin da baki ya faɗa, ya san inda maigida zai ja numfashi, ya san inda zai yi shiru ya bar kiɗa ya yi magana. Su ma 'yan amshin, sai sun san lokacin shiga da lokacin dakatawa, in ba haka ba su tare shi a tsakiyar baiti. Wannan gwaninta ce ta shekaru, ba ta kwana biyu ba.

Abin takaicin shi ne, ka san inda bayin Allahn nan suka shiga bakin Bahaushe? A wajen zagi. Yau in aka ce majalisa ta zama 'yar amshin Shata, ana nufin ba ta da ra'ayin kanta, duk abin da aka ce sai ta ce to. Mutanen da suka riƙe wa babban mawaƙinmu waƙa shekara da shekaru, ladan da muka ba su ke nan.

In ana maganar ƙungiya mai dogon zamani kuwa, babu kamar gidan su Musa Ɗanƙwairo. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne. Bayansa yayan Musa, wato Abdu Kurna, ya jagoranci ƙungiyar, Musa yana Daudun Kiɗi a ƙarƙashinsa kafin ya tsaya da ƙafarsa. Bayan rasuwarsa a 1991 'ya'yansa suka ci gaba da kiɗan. Ka ga ƙungiya guda ta ratsa kaka da ɗa da jika. Kuma a salon kiɗan fada irin nasu, 'yan amshi ba maimaita layi ɗaya kawai suke yi ba. Maigida zai ɗauko baiti ya sake shi a tsakiya, su cafe su ƙarasa, wani ya ƙara a kan wani, murya na hawa kan murya. Cire su ka ji abin da zai saura. Duk da haka in ana hira sai ka ji an ce "waƙar Ɗanƙwairo", kamar shi kaɗai ya tsaya gaban Sardauna.

Me ya jawo haka?

Ni dai a ganina dalili uku ne. Na farko, waƙar kanta ita ce babbar majiyar mai rubuta tarihi, ita kuwa waƙar Bahaushe wanda ya ba da kyauta ta fi ambata. Wanda ya ba da doki ko mota ko kujerar Makka sunansa ya zauna daram a cikin baiti, jikokinsa suna alfahari. Wanda ya kaɗa kalangu a ranar, in ya ci sa'a maigida ya kira sunansa sau ɗaya don ya zuga shi. A rediyo ma haka mai gabatarwa zai ce, "ga wane da jama'arsa". Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na biyu, kunya da kara. Mu ba ma son faɗin abin da zai ɓata wa mamaci suna, kuma wannan hali ne mai kyau. Amma tarihin ƙungiya ba ya yiwuwa sai an taɓo maganar kuɗi da saɓani, don su ne ke shigo da mutum, su ne ke fitar da shi. Mai rubutu kuma yawanci wajen iyalin mawaƙin yake zuwa, su ba shi masauki, su ba shi hotuna. Da wane ido zai je ya nemi yaron da ya bar maigida cikin fushi? Sai a rufe babin, a ce sun rabu lafiya.

Na uku, mun fi son lokacin tashe. Shekara goma na ganiya su ake ba shafi ɗari, shekara ashirin na ƙarshe, lokacin da murya ta fara gajiya, iyayen gida suka mutu, yara suka watse, sai a tattare su a shafi biyar. Alhali a nan darasin yake ga duk mai son shiga harkar nan.

Ba mu kaɗai ba ne

Kada ku ɗauka wannan ciwon namu ne mu kaɗai. Turawa ma suna wannan gardama a kan ƙungiyoyinsu na kiɗan jita mai ƙara da amo, wanda suke kira rok. Akwai wata ƙungiya a Ingila mai suna Deep Purple, an kafa ta a 1968, ta watse a 1976, ta sake haɗuwa a 1984, har a 2024 ta fitar da sabon faifai. Saboda yawan shiga da fita, masoyanta lamba suke ba kowane zubi na mutanenta: zubi na ɗaya, na biyu, na uku, har zuwa na tara. Ka tambayi ɗan gani-kashe-ninsu, zai faɗa maka wa ya kaɗa me a kowane faifai. Kuma ka san mutum ɗaya tilo da ya zauna a duk zubin nan tun daga farko? Ba mawaƙin ba ne, mai ganguna ne, Ian Paice.

Wata ƙungiyar kuma, Led Zeppelin, da mai gangunanta John Bonham ya rasu a 1980, sauran ukun cewa suka yi ba za su iya ci gaba ba tare da shi ba, suka rufe ƙungiyar. Ka ji darajar makaɗi. Amma su ma suna da nasu ciwon, wanda kishiyar namu ne. A 1985 wani marubuci, Stephen Davis, ya fitar da littafin tarihinsu mai suna Hammer of the Gods, ya cika shi da labaran shaye-shaye da sheƙe aya. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai, su kuwa 'yan ƙungiyar suka yi tir da shi. Wato mu muna rufewa har gaskiya ta ɓace, su suna tonawa har kiɗan ya ɓace a cikin tsegumi. Duka biyun ba tarihi ba ne.

Abin da ya burge ni da su shi ne, na baya ba ya jiran a rubuta shi. Ƙungiyar AC/DC ta ƙasar Ostireliya, wadda 'yan'uwa biyu Malcolm da Angus Young suka kafa a 1973, ta taɓa sallamar wani mai jitarta, Mark Evans, a 1977 bayan shekara biyu kacal. A 2011 mutumin ya fitar da littafinsa, ya ba da labarin yadda ya ga abin daga inda yake tsaye. A nan gida Nijeriya ma, bayan littattafan da aka rubuta a kan Fela, mai gangunansa Tony Allen ya fitar da tarihin kansa a 2013 tare da Michael Veal, shekara bakwai kafin rasuwarsa a 2020. Yau ba mai maganar kiɗan Fela ya tsallake Tony Allen. To ina littafin mai kalangun Shata? Ina na mai kotson Ɗanƙwairo? Ina na matan da suka yi wa Barmani Choge kiɗan ƙwarya har ta rasu a 2013?

Mu dawo gida

Na san wani zai ce, malam, wannan mujallar fim ce, me ya haɗa mu da kalangu? To ai nan gizo ke saƙar. Abin da ya sami 'yan amshin Shata shi ke samun industirinmu a kan idonmu, har ma ya fi muni. A da mawaƙi ne ke rufe makaɗi. A fim kuwa jarumi ne ke rufe mawaƙin, mawaƙin ya rufe mai fiyano.

Daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau an haura shekara talatin. Kowa ya san Sangaya na 1999 da irin juyin da ya kawo, kowa zai ce maka Ali Nuhu da Fati Mohammed. To muryoyin fa? Matasan yanzu nawa ne za su iya bambance Misbahu M. Ahmad da Mudassir Ƙassim da Sani Yusuf Ayagi da Sadi Sidi Sharifai in an saka musu tsohon kaset? Nawa ne suka san Rabi Mustapha? Waɗannan ma masu murya ke nan. Ka gangaro wajen waɗanda suka fara sarrafa fiyano ƙirar Yamaha a situdiyo irin na Iyan-Tama har suka fitar da sautin da yau ake kira kiɗan fim, su Nasir Gwale da Alee Baba Yakasai da Muktar Kwanzuma. Waɗannan su ne masu kalangun zamaninmu. Ya kamata a ce kowane mai son fim ya san labarinsu kamar yadda ya san na jarumai.

Indiyawan da ake cewa muna kwaikwayo ba haka suke yi ba. Tun a farkon fim za ka ga an rubuta wanda ya tsara kiɗa, da wanda ya rubuta waƙa, da waɗanda suka rera. Shi ya sa iyayenmu a Kano suka san Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar, duk da ba su suke rawa a majigi ba. Mu mun kwaso rawar, mun baro ladabin. Yanzu kuma da waƙa ke yawo daga waya zuwa waya, daga shagon mai turi zuwa TikTok, ko ɗan bangon kaset ɗin da ake rubuta suna a kai babu. Waƙa za ta zagaye Arewa, ta shiga Nijar da Gana, wanda ya kwana uku yana haɗa kiɗanta ko sunansa ba a ji ba.

An yi rubutu a kan industirin, ba a ce ba a yi ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu da abokan aikinsa sun fitar da babban littafi a kan finafinan Hausa a 2004, bayan taron da aka yi a Kano a 2003. Amma yawancin irin wannan aiki na jami'a ne, mai sayar da rake a Rogo ba zai gan shi ba. Kuma mutuwa ba ta jira a gama bincike. Ahmad S. Nuhu ya tafi a 2007, Hauwa Ali Dodo a 2010, Rabilu Musa Ibro a 2014. Kowannensu ya tafi da labaran da shi kaɗai ya sani. Ibro ma ai ƙungiya gare shi, shekara da shekaru suna tare da abokan barkwancinsa. Wa ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya ya rubuta yadda aka faro?

To mene ne abin yi?

Ga furodusoshi da mawaƙa, naku mai sauƙi ne kuma kyauta ne: ku rubuta suna. A ƙarshen fim, a ƙarƙashin bidiyon YouTube, a rubuta wanda ya rubuta waƙa, wanda ya rera, wadda ta yi amshi, wanda ya yi kiɗa, situdiyon da aka yi, da shekarar. Minti biyu ne. Ranar da rigimar haƙƙin mallaka ta taso, wannan layin ne zai raba gardama.

Ga masu niyyar rubuta tarihin wani mawaƙi, roƙona kada ku tsaya a falon maigida. Ku zaga bayan gida ku nemi wanda ya ɗauki kaya, da direba, da sanƙira, da wanda ya yi fushi ya tafi. Ba tonon asiri na ce a yi ba. Ana iya faɗin an saɓa a kan rabon kuɗi ba tare da an ci mutuncin kowa ba. Kuma a ba shekarun tsufa haƙƙinsu kamar yadda aka ba na tashe.

Ku kuma 'yan'uwana matasa, ku ne kuka fi kowa dama. Wayar da ke hannunka ta fi duk rikodar da masu binciken da suka yi aiki da ita. Babu garin da ba shi da irin Baba na Rogo: tsohon mai kalangun mahauta, tsohuwar zabiya, mai gurmi, mai kukuma, ko wanda ya taɓa bin wani babban mawaƙi na 'yan shekaru ya dawo gida yana noma. Ka je ka gaishe shi da ɗan goronka, ka nemi izininsa, ka kunna waya. Tambaye shi: Baba, yaushe ka fara, a hannun wa? Su wa kuka yi zamani da su, kowa me yake kaɗawa? Ina da ina kuka je? Yaya ake rabo? Wace waƙa ce ka san asalinta? Me ya raba ku? In ba ya tuna shekara, tambaye shi wane sarki ne ke kan gado, ko kafin a yi dam ne ko bayan an yi, don dam ɗin Challawa dai a 1992 aka gama shi. Da haka ake kamo lissafi. In ka gama kada ka bar shi a waya ɗaya, don waya faɗuwa take yi a ruwa. Tura wa mutum biyu, ka rubuta a takarda, in ka ga dama ka aiko mana. Na yi alkawarin duk wanda ya aiko da labari mai ma'ana, da yardar mai labarin, za mu ba shi wuri a wannan fili.

Da zan baro ƙauyen nan na koma na yi wa Baba sallama. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan nan, in za ka rubuta, kada ka sa nawa sunan ni kaɗai. Ko ka sa mu duka, ko ka bari." Shi ya sa ba ku ga sunansa a nan ba. Na ce masa zan dawo bayan an gama girbi, mu zauna da shi da sauran ukun da suka rage, mu bi sunaye 14 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, mu nemi yardar iyalansu. Ku taya ni da addu'a Allah ya ba ni ikon cika alkawari, ya kuma ara musu kwana.

Waɗanda suka riga mu, mawaƙa da makaɗa da 'yan amshi, na fada da na gona da na fim, Allah ya jiƙansu ya gafarta musu. Mu kuma Allah ya sa mu dace. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in mai duka ya kai mu.